Manhajar haɗa faifan DVD na tafiyar hawainiya: gano inda lokacin ke maƙalewa kafin ka sauya ta

An jefa bidiyon awa 2 cikin manhaja, an zaɓi menu, an danna maɓallin ƙona faifai. Sandar da ke nuna ci gaban aiki ta cije a kashi 7 cikin 100, fankar kwamfuta na ta gurnani, manhajar kuma ta rubuta wai saura awa 5. Abin da akasarin mutane ke yi a nan shi ne su kashe ta su sauko da wata. Sau da yawa gudun gara ake yi a faɗa gidan zago, don sabuwar ma aikin da ya gagari tsohuwar za ta tarar, a kan kwamfuta ɗaya, da bidiyo ɗaya.

Maɓallin guda ne, amma aiki huɗu ke ƙarƙashinsa. Manhajar za ta kwance bidiyon asali ta mayar da shi hotuna. Za ta rage girman hotunan ta sake matse su a tsarin MPEG-2, wanda shi na'urar DVD ke ganewa. Za ta haɗa hoto da sauti da menu ta jera su cikin foldar VIDEO_TS, wato fayilolin VOB da IFO da BUP. Daga ƙarshe ta ƙona a faifai. Aiki na uku, wanda shi ne ainihin haɗa faifan, kwafi ne kawai da ɗan lissafi, 'yan mintuna yake ci. Na huɗu ma lokacinsa sananne ne. Saurin 1x na DVD megabait 1.385 ne a daƙiƙa, don haka cikakken faifai a 4x kusan minti 15 ne, a 8x bai kai minti 10 ba. Ke nan in aiki ya kai awa 5, to a na ɗaya da na biyu awannin suka tafi.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama tsakanin biyun. Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, a rubuta wannan, a sa sunan fayil ɗin bidiyon a madadin asali.mp4:

ffmpeg -i asali.mp4 -an -f null -

Wannan umarnin kwance bidiyon kawai yake yi ya watsar, ba ya ajiye komai. A layin ƙasa za a ga wata lamba mai x a ƙarshenta. In ta nuna 8x, kwamfutar na kwance minti 8 na bidiyo a minti 1, matsalar ba a nan take ba. In kuwa ta nuna 0.6x, to bakin alƙalami ya bushe: muddin firosesa kaɗai ke kwancewa, bidiyon awa 2 ba zai gama ƙasa da awa 3 da minti 20 ba, tun kafin a taɓa matsewa. Minti 1 ya isa gwajin, sai a danna q a tsayar.

Me ke sa kwancewa ta yi nauyi haka? Girman abin da wayoyi da kyamarorin yau ke ɗauka. Firam ɗin DVD, wato hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo, a tsarin talabijin na PAL 720 ne sau 576, ɗigo 414,720 ke nan. Na 1080p ɗigo 2,073,600, ninki 5 cif. Na 4K ɗigo 8,294,400, ninki 20. Dole kwamfuta ta kwance ɗigo 20 don ta ajiye 1. In kuma an matse bidiyon a tsarin HEVC ne, mai firam 60 a daƙiƙa, nauyin ya sake ninkuwa. Tsohuwar manhaja da firosesa kaɗai take wannan dakon, alhali katin hoton da ke cikin kwamfutar, in ba tsoho ne sosai ba, yana da sashe na musamman da ke kwance H.264 da HEVC ba tare da ya yi gumi ba. A ffmpeg, sa -hwaccel auto kafin -i ya isa a gwada. A sake gwajin nan da shi, a kwatanta lambobin biyu.

Wata 'yar gyara a nan, don ana yawan rikita abin. Katin hoto na taimakawa wajen kwancewa, amma wajen matsewa zuwa MPEG-2 ba kowane ba. Sashen NVENC na katunan NVIDIA ba ya fitar da MPEG-2 sam. Quick Sync na Intel yana yi a wasu firosesoshin, sai dai a ganina bai cancanci wahala ba, don MPEG-2 mai girman DVD abu ne marar nauyi ga duk firosesa mai ƙwaya 4. Wanda ya sayi kati mai tsada don faifan DVD ya yi sauri, kwalliya ba lalle ta biya kuɗin sabulu ba.

Sai batun zagaye biyu, inda ake asarar lokaci mafi yawa a banza. Manhajoji da dama, in an zaɓi inganci mafi kyau, sukan bi bidiyon sau biyu. Zagayen farko nazari ne, a ga inda motsi ya yi yawa da inda hoto ke tsaye. Na biyu ne ake matsewa, a ba wuraren motsi kaso mai tsoka. Kowane zagaye kuwa sai an sake kwance asalin daga farko. Ko ana buƙatarsa ko ba a buƙata, lissafi ke faɗa.

Faifai mai shimfiɗa ɗaya an rubuta 4.7 GB a jikinsa, wato bait biliyan 4.7, wanda kwamfuta ke nunawa a matsayin 4.37. A ware wa menu da tsarin faifai rabonsu, a yi aiki da megabait 4,450. A ninka da 8, megabit 35,600. Yanzu a raba da tsawon bidiyon a daƙiƙoƙi. Awa 1 daƙiƙa 3,600 ce, ya ba da kusan kilobit 9,900 a daƙiƙa. To dokar DVD ta ce hoto kada ya wuce megabit 9.8 a daƙiƙa, hoto da sauti da rubutun ƙasa a haɗe kada su wuce 10.08, kuma faifan da aka ƙona a gida ya fi zama lafiya in ba a haura kilobit 8,000 ba, don tsofaffin na'urori kan riƙa sarƙewa sama da haka. Ma'ana bidiyon awa 1 ba zai ma cika faifan ba. Ana iya ba kowace daƙiƙa cikakken rabonta, babu abin da za a tsimi, zagaye biyu ya zama aikin baban giwa. A sa 8,000 tsayayye, zagaye ɗaya, a wuce.

Minti 90 ya ba da kusan 6,600, a cire 192 na sauti, saura 6,400. Nan ma zagaye ɗaya na wadatarwa. A awa 2 ne lissafin ke sauka 4,750, a awa 3 ya faɗo wajen 3,100. Daga nan zagaye biyu ke da amfani, don a wannan ƙarancin duk inda kyamara ta juya da sauri hoto zai farfashe ya zama 'yan murabba'ai. In abu ya kai awa 3, gara a raba shi faifai 2, ko a koma mai shimfiɗa biyu na 8.5 GB.

Sauti na da hannu a wannan lissafin. Wasu manhajojin na barin sa a LPCM, wanda ba a matse ba, kilobit 1,536 a daƙiƙa. A bidiyon awa 2 wannan ya haura gigabait 1.3, kusan kashi 30 cikin 100 na faifan, kuma daga rabon hoto ake yanka. AC-3 a 192 ko 224 ya isa sautin sitiriyo. DVD na son sauti a 48 kHz, don haka mai 44.1 sai an juya shi, amma wannan aikin daƙiƙoƙi ne.

Dabarar da ta fi kowace biya ita ce raba matsewa da haɗawa. A matse sau ɗaya, a ajiye fayil ɗin da ya riga ya cika sharuɗɗan DVD, sannan a kai wa manhajar menu. Ga misali na PAL, faffaɗan allo, awa 2:

ffmpeg -hwaccel auto -i asali.mp4 -target pal-dvd -vf "scale=720:576:in_color_matrix=bt709:out_color_matrix=bt601" -aspect 16:9 -b:v 4700k -maxrate 8000k -ac 2 -b:a 192k fim.mpg

Kalmar -target pal-dvd ita ke saita abubuwan da mutum zai manta: firam 25 a daƙiƙa, rukunin firam da bai wuce 15 ba, ma'ajiyar wucin gadi ta kilobait 224, fakiti mai bait 2,048, da guraben da manhajar haɗawa za ta cusa bayanan kewayawa. In ba a sa -b:v da -b:a ba, za ta yi amfani da nata ma'aunin, 6,000 na hoto da 448 na sauti. Maganar bt709 da bt601 kuwa ta launi ce. Bidiyo mai girma da na DVD ba ma'aunin launi ɗaya suke bi ba, in ba a juya ba ja da kore kan ɗan kauce, a fuskar mutane aka fi lura. Mai son zagaye biyu sai ya gudanar da umarnin da -pass 1, ya sake da -pass 2.

Ribar wannan ita ce, in an ga kuskuren harafi a menu bayan an gama, gyaran na minti 5 ne. A manhajar da ke yin komai da maɓalli ɗaya, wani lokacin harafi ɗaya zai sa a sake matse awa 2 daga tushe. Amma fa a kula: wasu manhajojin ko an ba su fayil ɗin da ya cika sharaɗi sai sun sake matse shi, lokaci ya tafi, inganci ya ragu. A DVDStyler, cikin bayanan kowane bidiyo akwai akwatin da ake yi wa alama don hana sake juyawa. Alamar cewa ya kama ita ce aikin zai ƙare cikin mintuna kuma firosesa ba zai tashi ba. In aka ga ya haura kashi 90 ya zauna, ana sake matsewa ne, a tsayar a duba.

Haka nan duk bidiyon da ya fito daga wani faifan DVD na gida, ko kyamarar da ke ɗauka kai tsaye a MPEG-2 mai girman DVD, babu dalilin matse shi karo na biyu.

PAL ko NTSC? A bi asalin bidiyon in da hali. Mai firam 25 ko 50 ya tafi PAL. Mai 30 ko 60, wanda akasarin wayoyi ke ɗauka in ba an canza ba, ya fi dacewa da NTSC, 720 sau 480, firam 29.97, da -target ntsc-dvd. Mayar da 30 zuwa 25 na nufin jefar da firam 1 cikin kowane 6, sai a ga hoto na ɗan tuntuɓe duk lokacin da kyamara ta bi gefe. Manhajar da ke ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar ƙirƙiro sababbin firam tana iya ninka lokacin aiki sau da yawa. Galibin na'urorin da aka yi don ƙasashen PAL suna karanta faifan NTSC. Na ƙasashen NTSC ne ba kasafai suke karɓar PAL ba.

Bidiyon waya na da wasu halaye biyu masu ɓata aiki. Na farko, yawan firam ɗinsa ba tsayayye ba ne, yana raguwa in haske ya yi ƙasa. Tsohuwar manhaja na ɗauka tsayayye ne, sai a wayi gari baki na motsi kafin magana ta fito, tazarar kuma na ƙaruwa yayin da fim ke tafiya. ffmpeg na daidaita wannan da kanta don tana bin lokacin da ke rubuce a jikin kowane firam. Na biyu HDR, tsarin ɗaukar hoto mai haske da launi fiye da na da. In ba a sauko da haskensa zuwa ma'aunin talabijin na da ba, hoto zai fito fari-fari kamar an wanke shi. Saukowar kuma aiki ne mai nauyi ƙwarai. In an san faifan DVD za a yi, a kashe HDR a ɗauka a 1080p tun daga waya, an huta.

Kaset ɗin kyamarar DV sabaninsa ne. Girmansa daidai yake da na DVD, kwance shi ba wuya, sai dai cin wuri, kusan gigabait 13 a awa. Hotonsa saƙaƙƙe ne, kowane firam rabi biyu, kuma rabin ƙasa ke fara fita. A bar shi a saƙe, na'urar DVD ta san yadda za ta yi da shi, warware shi ɓata lokaci ne. Abin kiyayewa kawai kada manhaja ta juya jerin ta sa rabin sama a gaba. A allon kwamfuta ba za a lura ba, a talabijin ne duk abin da ya motsa zai riƙa karkarwa.

Menu mai motsi shi ma bidiyo ne. Shafi 6, kowanne da 'yan tagogi 6 masu motsi na daƙiƙa 30, yana nufin manhajar za ta leƙa wuri 36 cikin bidiyon asali, ta kwance, ta rage, ta jera, ta matse. Menu tsayayye firam ɗaya ne tak. Mai kallo daƙiƙa 5 zai yi a kansa ya danna.

Akwai kuma abubuwan da ba laifin manhaja ba ne ko kaɗan. Laftof a kan batir na rage wa firosesa gudu, a jona wuta a sa tsarin cikakken ƙarfi. In aiki ya fara da sauri sannan bayan minti 10 ya yi sanyi, zafi ne, firosesa na ja da baya don kada ya ƙone, a duba ƙura a mashigar iska. Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Aiki ɗaya kan samar da kwafi 3: fayil ɗin MPEG, foldar VIDEO_TS, da hoton faifai na ISO, wajen gigabait 13 ke nan. In asalin da foldar wucin gadi duk suna kan hadis (hard disk) ɗaya mai juyawa, allurarsa za ta yi ta safa da marwa tsakanin karatu da rubutu. A mayar da foldar wucin gadi kan SSD ko wani hadis daban. Kada a yi aiki kai tsaye daga katin kyamara ko filash, a kwafo tukuna. Manhajar kariya daga bairos ma kan tsaya binciken kowane VOB mai gigabait 1 da aka rubuta, ana iya cire mata wannan foldar daga lissafi.

To in an tabbatar manhajar ce, ina za a koma? Gaskiyar magana wannan fanni ya daɗe da tsayawa. Windows DVD Maker a Vista da Windows 7 kawai ta zo, ba a sa ta a Windows 8 ba. Apple ya bar iDVD da DVD Studio Pro, Adobe Encore kuma ta tsaya a CS6 ta 2012. DVD Flick, da har yanzu ake yawan ba da shawararta, fitowarta ta ƙarshe 2009 ce, shekara 4 kafin a kammala tsarin HEVC, don haka bidiyon wayar yau baƙo ne a wurinta. Tana da amfani ga tsofaffin fayiloli, iyakarta ke nan.

DVDStyler ce zan fara nuna wa mai son menu. Kyauta ce, tana kan Windows da Mac da Linux, a ƙarƙashinta ffmpeg da dvdauthor ke aikin. Ta fi kyau in an kawo mata fayil matsattse. AVStoDVD ta Windows ce, tana iya amfani da HCenc, wanda ya yi suna wajen fitar da hoto mai tsabta a ƙaramin ma'auni, don haka ita ce ta bidiyon awa 2 zuwa 3. Ba don sauri ake zuwa wurinta ba, menu ɗinta ma sama-sama ne. A Linux akwai DevedeNG. Cikin na kuɗi, TMPGEnc Authoring Works ta iya gane bidiyon da ya riga ya cika sharaɗi, ta sake matse wuraren da aka yanka kawai ta kwafe sauran. HandBrake kuwa, da ake yawan ambata, ba ta haɗa faifan DVD. Aikinta akasin haka ne, fitar da MP4 da MKV.

In ba a buƙatar menu, ba a buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. A Linux layi 5 ne:

export VIDEO_FORMAT=PAL
dvdauthor -o faifai -t -c 0,10:00,20:00,30:00 fim.mpg
dvdauthor -o faifai -T
genisoimage -dvd-video -V FIM -o fim.iso faifai
growisofs -dvd-compat -speed=4 -Z /dev/sr0=fim.iso

Layi na biyu na gina fim ɗin da babi duk minti 10 har zuwa minti 30, na uku na rubuta teburin faifan. In an manta layin farko, na uku zai ƙi. Kalmar -dvd-video ba ado ba ce, ita ke jera fayilolin a jikin faifai yadda na'ura ke nema. Wannan ne ya sa jan foldar VIDEO_TS a jefa a faifai kamar sauran fayiloli kan ba da faifan da kwamfuta ke karantawa amma na'urar falo ta ƙi. A Windows, ImgBurn na gane foldar ta jera ta daidai. Tun 2013 ba a sabunta ta ba, amma tsarin faifan ma bai canza ba.

Kafin a ƙona, a buɗe ISO ɗin da VLC, a gwada kowane maɓalli, a tsallaka zuwa mintunan ƙarshe a ga ko baki da murya na tare. Wajen ƙonawa kuma a nan ne sauri ke haifar da nawa. 16x sai a bakin faifai na waje ake kai shi, abin da ake ragewa a kan 8x 'yan mintuna ne ƙalilan, kuma a wannan bakin ne kurakurai suka fi taruwa, shi ya sa fim ke tafiya lafiya sai a ƙarshe ya daskare. A ƙona a 4x ko 8x, a bar manhaja ta sake karanta faifan ta tabbatar. Mai shimfiɗa biyu a zaɓi DVD+R DL, a sa wurin sauya shimfiɗa a farkon babi ko inda hoto ya yi duhu, don na'ura kan ɗan dakata a wurin.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda ta kamata a yi tun kafin a buɗe manhaja: da me za a kalla? In talabijin ɗin na da ramin USB, fayil ɗin MP4 mai H.264 a filash ya fi DVD kyau nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ko juyawa ba a buƙata. Sai dai filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, sai a mayar da shi exFAT in talabijin ɗin na ganewa, ko a raba fayil ɗin. In na'urar Blu-ray ce a gidan, tsMuxeR na iya jera H.264 ɗin da ya dace cikin tsarin AVCHD ba tare da sake matsewa ba, a ƙona a faifan DVD na yau da kullum, a samu minti 30 zuwa 40 na 1080 a ma'aunin megabit 15 zuwa 18. A rubuta a jikin faifan cewa na Blu-ray ne, don tsohuwar na'urar DVD ba za ta karanta shi ba, wata ma takan riƙe shi ta ƙi fitarwa.